Sawun da Ya Je Rijiyar Zartsi

Da hantsin wata Talata, a tsakiyar bazara, aka tarar da shanun Kawu kwance a gefen rijiyar zartsi da ke bayan garin Balan. Ba kwanciyar tuƙa ba ce. Cikkunansu sun kumbura, baƙin jini yana tsiyaya daga hancinsu, ga shi ya ƙi daskarewa. A cikinsu har da farar saniyar nan da Kawu yake cewa ko mota aka kawo masa ba zai ba da ita ba. Kawu Bafulatani ne da ya daɗe da zama a cikinmu, yana noma yana kiwo, kuma rabin garkensa ne ke kwance a wajen.

Rijiyar ta shanu ce, mutum ba ya shan ruwanta saboda gishirin da ke ciki. Kusa da ita akwai kwami, rarakakken gungumen itacen da ake zuba wa dabbobi ruwa. A cikin kwamin aka ga wasu fararen dunƙule-dunƙule sun fara narkewa. Mu mutanen Balan ba ma ɓata lokaci wajen yanke hukunci. Kafin rana ta take kowa ya san guba ce, kuma kowa ya san wanda ya zuba.

Mudassir ake nufi. Manomi ne, magidanci mai zafin kai da saurin baki. Da kakar bara shanun Kawu sun shiga gonarsa sun share masa wake, ya tsaya a ƙofar dagaci yana rantsuwa cewa sai shanun nan sun gane kurensu. Maganar fushi ce irin wadda kowa ke yi ya manta, amma garinmu bai manta ba.

Dagaci ya ce kada wanda ya taɓa kowa, a kirawo Kabo.

Kabo shi ne mai bin sawun yankinmu. Dogo ne, wuyansa ya ranƙwafa saboda kallon ƙasa, idan kuna gaisawa ƙafarka yake kallo maimakon fuskarka. Ɓarayin awaki daga nan har Kademi sun tsane shi kamar mutuwarsu. Tun da muka taso ba mu taɓa jin an ce Kabo ya faɗi abu ya zama ba haka ba, shi ma kuwa ya san da wannan, kuma yana jin daɗinsa fiye da yadda yake nunawa.

Ya zo ya kori mutane baya, ya samu inuwa ya zauna yana cin goro. Aka yi ta gunaguni. Ya ce da tsakar rana haske yana faɗowa ne kai tsaye, ba ya barin inuwa a cikin sawu, sai rana ta karkata sannan gefen kowane rami yake fitowa. Da la'asar ya miƙe. A cikin tarin sawun shanu da na makiyaya ya tsinto sawun wani takalmin taya mai faci a diddigen hagu. Zuwan mai takalmin ya nutse a yashi sosai, taku gajere, komawarsa kuwa sama-sama.

"Da kaya ya zo, hannu rabbana ya koma," in ji Kabo. "Nauyi ba ya ɓuya. Abin da ka ɗora a ka, ƙasa ce take ɗauka."

Ya bi sawun, gari ya bi shi a baya, har ƙofar gidan Mudassir.

Nan Mudassir ya yi kuskuren da ya kashe shi da ransa. Da ya fito ya ga taron, tsoro ya kama shi, ya ce shi rabonsa da rijiyar zartsi tun kafin azumi. Kabo bai yi masa musu ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce ya taka. Ya taka, ga facin diddige nan ɓaro-ɓaro.

Sai Mudassir ya sake magana. Ya ce i, ya je bayan sallar asuba, amma kanwa ya kai, irin wadda ake ba shanu. Ya ce tun zamanin mahaifinsa shanun gidan Kawu ke kwana a gonarsu da rani suna zuba taki, bana kuwa saboda rigimar nan ba su zo ba, abin yana damunsa. Yana son su shirya, amma bayan rantsuwar da ya yi a bainar jama'a kunya ta hana shi kai kyautar da rana tsaka. Ya ce so yake Kawu ya gani ya gane da kansa.

Aka bushe da dariya. Mutumin da ya yi ƙarya yanzun nan, wa zai saya masa ta biyu?

Ana cikin haka mahaifiyarsa, Inna Hansai, ta fito tana dafa bango. Tsohuwa ce mai kaifi ɗaya, ita ta reni Mudassir da 'yan'uwansa bayan rasuwar mijinta, kuma a unguwar ba mai iya tanƙwara ta. Ba ta kalli ɗanta ba.

"Kabo, sawunsa ne?"

"Nasa ne, Inna."

"Da kaya ya je?"

"Da kaya."

Wani daga baya ya ɗaga murya: "To shi ya kashe su ke nan?"

Abin da ƙasa ta faɗa wa Kabo ya ƙare a kan kaya. Ba ta faɗa masa abin da ke cikin buhun ba, balle abin da ke zuciyar mai ɗaukarsa. Amma idanu sun yi masa yawa, kowa yana jiran hukunci daga bakin da ba ya kuskure. Sai ya ce: "Ba wanda ya je kwamin nan da kaya sai shi." Gaskiya ce, amma ya san yadda za a ɗauke ta.

Inna Hansai ta juya ga ɗanta. "Uban Kawu ne ya ba mu nono shekarar da ubanka ya kwanta ciwo. Yau kai ka kashe musu dabbobi, ka kuma tsaya a gabana ka yi ƙarya. Na bar cin abin hannunka. Albarkata kuma na riƙe, ban sa maka ba." Ta koma ciki. Mudassir ya durƙusa a wajen yana kiran Inna, Inna, ba ta waiwayo ba.

Kashegari Muhsina ta iso a kan babur daga Gaya. Ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce da ke aiki da wani ɗakin gwaje-gwaje a Kano. Tana ganin jinin da bai daskare ba ta sa safar hannu ta rufe hanci, ta hana a feɗe ko ɗaya. Ta sa aka haƙa rami mai zurfi aka ƙone gawarwakin aka binne, aka kewaye rijiyar da ƙaya. Mahauta suka yi ta cizon yatsa, don sun riga sun wasa wuƙaƙen cire fatu.

Ta tsamo dunƙule ɗaya daga kwamin, ta aika aka kawo lemon tsami, ta matsa a kai. Nan take ya hau kumfa yana tsuwwa. Ta jiƙa wata 'yar jar takarda da ruwansa, ta koma shuɗiya.

"Baba, ka ga wannan?" ta ce wa Kabo. "Abubuwa iri biyu ne suke gaba da juna, masu tsami da masu kashe tsami. In sun haɗu sai su yi kumfa, iska ta fita, kowanne ya karya ƙarfin ɗan'uwansa. Shi ya sa mata ke jefa kanwa a miyar yakuwa. Wannan kanwa ce, irin ta kowa."

"To in an cuɗa ta da wani abu fa?"

"Zan tafi da ita a duba. Amma jinin nan bai yi min kama da aikin guba ba."

Maganar ta tsaya wa Kabo a rai. Daga ranar ya shiga yawon da ba wanda ya aike shi.

Ya fara da Muhammad Bashir, babban mahaucin garin, don in shanu suka faɗi shi ne mai samun nama a arha. Ya same shi a rumfarsa yana korar ƙuda.

"Haba Baba Kabo, ni da aka ƙone naman a kan idona? Da ni na yi, ai da tun asuba ina wajen da wuƙa kafin su zama mushe. Ranar ma ina Gaya, ka tambayi duk 'yan kara masu cinikin shanu."

Kabo ya tambaya, haka ne. Ya kuma dubi ƙafar mahaucin, faffaɗa ce kamar faranti, babu irinta a bakin rijiya.

Ya je kasuwar Gaya wajen masu kanwa. Wani dattijo ya tuna Mudassir sarai, ya ce ya sha masa kai da zaɓe, wai mai kyau yake so don kyauta ce zai yi. Daga buhun da aka ɗebar masa makiyaya da yawa sun saya, ba wanda ya dawo da kuka.

Sannan ya je rugar Kawu. Ya tarar da shi zaune a gindin bukka, ya rame, idanu sun faɗa. Da Kabo ya miƙa hannu, Kawu ya ba shi wuyan hannu kamar yadda ake yi in hannu ba tsabta, don tafin yana naɗe da tsumma. Ya ce ƙaya ce ta soke shi. Kabo ya tambaye shi ko ya sayi sabuwar dabba kwanan nan, ko baƙin shanu sun sha a kwamin. Ya ce babu. Matarsa Hanne ta kawo fura ta ajiye, ta koma ba ta ɗago kai ba. Kabo ya ɗauka baƙin ciki ne, ya yi musu jaje ya tafi.

Da Muhsina ta dawo, a gaban dagaci ta faɗa: ba guba a kanwar, ba guba a cikin shanun. Ciwon saifa ne. Ta ce ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani, in ta rasa jikin da za ta zauna sai ta yi wa kanta ɓawo mai tauri ta kwanta, a ƙasa ko a ƙashi ko a gashi, shekara da shekaru, zafin rana ba ya kashe ta. Ranar da ta samu shiga cikin dabba sai ta farka. Ta ce an same ta a ruwan kwamin.

Kana tsammanin wannan zai wanke Mudassir? Ba ka san mu ba. Kafin magariba labari ya juya: ashe ba guba ya zuba ba, cuta ya je ya ɗebo ya zuba, wanda ya fi muni. Muhsina ta ce an duba ragowar buhunsa ba a ga komai ba, aka ce ai wayo gare shi.

Kabo ya tare ta a gindin tsamiyar ƙofar dagaci kafin ta hau babur.

"'Yata, abin nan da ba ya ganuwa, yana barin sawu?"

Ta yi murmushi ta sauke jakarta. "Yana bari, Baba, a cikin jikinsa. Duk abu mai rai, ni da kai da saniya da ƙwayar nan, yana ɗauke da wani dogon zare a ciki, wanda aka jera abubuwa iri huɗu a kansa kamar haruffa. Jerin nan shi ke faɗin yadda halittar za ta kasance. In ƙwaya za ta haihu sai ta kwafi jerin ta ba 'yarta. Wani lokaci a wajen kwafar sai harafi ɗaya ya sauya, kuma duk zuriyarta su gaji sauyin."

"Kamar yadda 'ya'yan gidan Sarkin Noma duk suke jan ƙafar dama."

"Kamar haka. Akwai na'urar da ke karanta jerin daga farko har ƙarshe. In muka karanta ta nan, muka gwada da waɗanda aka karanta a wasu garuruwa, za mu san 'yar wane gida ce. Sai dai ba aikin yau da gobe ba ne, akwai layi."

"A yi sauri," in ji Kabo. "Akwai tsohuwar da ba ta da lokacin jira."

Ba ƙarya ya yi ba. Damina ta sauka, kowa ya fita shuka, Mudassir yana noma shi kaɗai, ba mai kiransa gayya, a masallaci in ya miƙa hannu sai a yi kamar ana gyara hula. Duk wannan bai dame shi kamar abu ɗaya ba. Kullum da safe zai kai koko ƙofar ɗakin mahaifiyarsa ya ajiye, da hantsi matarsa ta ɗauke shi yadda yake. Maƙwabta ke ba tsohuwar abinci. Ga ta ta fara ciwo, zazzaɓi ya kwantar da ita, ya tashi ya bar ta tana mantuwa, wani lokaci ta kira jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu tun tuni.

Kabo ya je ya same ta wata rana da hankalinta ke jikinta. Ya gaya mata zancen kanwa, da abin da dattijon kasuwa ya ce.

"To wa ya yi?" ta tambaya.

"Ban sani ba tukuna, Inna."

"Ranar nan ka sani ai. In ka zo ne don ka tausaya masa, tashi ka tafi. Kawo min wanda ya yi, in ji da kunnena, sannan in ci abincinsa in sa masa albarka."

Ya fito. A zaure ya tarar da Mudassir yana gyaran fartanya. Mudassir bai zage shi ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi: "Baba Kabo, gari ban damu da shi ba. Kada dai ta tafi da fushina."

Sai da gero ya kai gwiwa sannan Muhsina ta kira. Ta ce an karanta. Ƙwayar Balan da wadda ta kashe shanu a Gafasa ta ƙasar Ajingi, kafin bazarar nan, jerinsu ɗaya ne, har da wasu sauye-sauye da ba a gani a ko'ina ba sai a su biyun. Daga Gafasa ta zo. Mudassir kuwa ba shi da kowa a Gafasa, bai ma san hanyarta sosai ba.

Kabo ya hau motar kasuwa ya tafi. A Gafasa aka nuna masa inda aka binne shanun, aka lissafa masa gidajen da abin ya shafa. A cikinsu akwai gidan wani makiyayi, Abdulmuttalib, wanda ya rasa jan bijimi. Da aka ambaci sunan, wani ya ce ai yayan Hanne ne, matar Kawun Balan.

Abdulmuttalib ya karɓe shi da fara'a, ya ce bijimin an binne shi duka kamar yadda ma'aikata suka ce. Kabo ya nemi a nuna masa inda zai kewaya. A bayan rumbu, ƙarƙashin wata rumfa da ruwan sama bai taɓa ba, ya ga ƙananan ramuka a ƙasa sun zagaya sun yi da'ira mai tsawo. Ramukan turakun da ake kafe fata ne in za a shanya ta, kuma faɗin wajen na fatar babban sa ne. Ya dawo ya yi sallama.

Da ya dawo Balan, kafin ya shiga gida ya zarce rijiyar zartsi. Ya ɗage ƙayar ya shiga. Ranar farko ƙasa kawai ya duba, don aikinsa ke nan. Yau sai ya ɗaga kai. Igiyar ɗiban ruwa tana nan rataye a gwafa, amma babu wasaki, babbar gugar fatar da ake jan ruwan shanu da ita. An yanke ta da wuƙa, cikin gaggawa. A cikin ƙullin igiyar wani ɗan guntun fata ya maƙale, da sauran jan gashi a gefensa. Bai taɓa shi ba. Ya kira Muhsina, ta zo da safar hannu ta cire. Ta dubi igiyar.

"Na ɗebi ruwan kwami, na ɗebi ƙasa, na ɗebi kanwa," ta ce. "Abin da ake zuba ruwan da shi ne ban duba ba, ga shi a rataye a kan idona."

Wannan gwajin bai ɗauki lokaci ba. Ƙwayar tana jikin fatar.

Dagaci ya tara su a zaurensa bayan sallar azahar: Mudassir, Muhammad Bashir, Kawu, da Abdulmuttalib da aka aika aka kirawo daga Gafasa. Muhsina ta zauna daga gefe. Jama'a suka cika ƙofa har kan katanga.

Kabo ya miƙe. "Ranka ya daɗe, Muhammad Bashir ba shi da hannu, ya yi haƙuri da zargin da na yi masa. Mudassir ya je rijiya da kaya, wannan ban janye ba. Amma kayan kanwa ce, kyauta ya kai. An tambaye ni ko shi ya kashe shanun, na ba da amsar da ta fi abin da na sani. Ban san komai a kan haka ba."

Ba wanda ya taɓa jin irin wannan daga bakinsa.

Muhsina ta yi bayanin jerin ƙwayar a taƙaice, ta ce daga Gafasa ta taso. Kabo ya juya ga Abdulmuttalib.

"Malam, bijiminka da fatarsa aka binne shi?"

Abdulmuttalib ya dubi ƙasa.

"Kawu, ba ni hannunka mu gaisa. Tafin nake so, ba wuyan ba."

Kawu ya zaro hannun daga aljihu. A gindin babban yatsa akwai tabo zagayayye, tsakiyarsa da sauran baƙin ɓawo kamar gawayi. Muhsina ta matso ta duba, ta ce wannan ba ƙaya ba ce, ciwon ne ya shiga ta fata, kuma yau ɗin nan sai ya je asibiti, shi da duk wanda ya taɓa fatar.

Kawu ya fara magana. Ya ce da bijimin ya faɗi, surukinsa ya ga fata lafiyayya, babba, ba ko ƙwarzane, ya kasa zuba ido a binne ta. A wajensu ba a yar da fata. Ya feɗe ta a ɓoye kafin ma'aikata su zo, ya shanya. Da Hanne ta je ganin gida ya ba ta ta kawo wa mijinta, don ya san wasakinsu ya tsufa yana yoyo. Shi Kawu da hannunsa ya ɗinka, basilla ta soke shi, ya ja ruwa da shi ya shayar da shanunsa.

"Wallahi ranar da suka mutu ni ma na ɗauka Mudassir ne," in ji shi. "Sai da yarinyar nan ta ce jinin bai yi kama da aikin guba ba na tuna da bijimin, na gane. Na je na yanke wasakin na binne. Na ji tsoron a kama surukina, a ce mu muka kawo wa gari annoba, a tashe mu. Kullum sai in ce gobe zan faɗa." Ya rufe fuska da hannun mai tabon. "Ashe kanwa ka kawo min, Mudassir. Ka kawo min kanwa, ni kuma na bar ka a wuta."

Mutanen ƙofa, waɗanda suka yi dariya ranar nan, suka fara salati suna cewa da ma su tun farko abin bai kwanta musu ba. Mudassir bai saurare su ba, bai kuma tsaya jin hukuncin dagaci ba. Ya kama hannun Kabo.

"Baba, taso mu je. Da bakinka za ka faɗa mata."

Suka tarar da Inna Hansai kwance a kan tabarma, ta ƙanƙance, idanunta a buɗe suna kallon rufin ɗaki. Matar Mudassir ta ce tun shekaranjiya ba ta gane kowa sosai, sai dai ta yi ta zancen mutanen da. Mudassir ya sa aka dama koko da sauri, ya riƙo kwanon da hannu biyu, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Kabo ya matsa kusa da kanta.

"Inna, na kawo miki maganar da kika ce. An samu inda abin ya fito. Ciwo ne, daga fatar wasakin Kawu, shi da kansa ya faɗa a gaban dagaci. Mudassir bai yi komai ba. Kanwa ya kai don su shirya. Ɗanki mai gaskiya ne."

Ta juyo da kai a hankali ta dube shi. Babu alamar sani a idonta.

"Wane ne wannan?"

"Ni ne, Inna. Kabo."

"Kai dai Mudassir ya turo ka," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa amma da sauran kaifinta. "Kullum sai ya turo wani. Ku daina wahalar da kanku. Kabo mai bin sawu ne ya faɗa, a gabana, da kunnena na ji."

"Ni ne Kabon, Inna. Ni na faɗa, kuma kuskure na yi."

Ta yi wata 'yar dariya mai rauni. "Ka ji ƙarya. Kabo ba ya kuskure, yaro."

Mudassir ya matso da gwiwoyinsa, ya miƙa kwanon. "Inna, ko kurɓi ɗaya."

Muryarsa kam ta gane ta. Ta juya fuskarta ga bango, ta ja mayafi ta rufe kai.

Kabo ya sake faɗa daga farko, a hankali, kamar mai koya wa yaro karatu. Ya sake faɗa. Kokon ya huce a hannun Mudassir, ya yi fata a sama, bai ajiye ba. Da aka kira la'asar ba wanda ya tashi a cikinsu. Kabo ya goge idonsa da bakin riga, ya gyara durƙuso, ya sake cewa: "Inna, ni ne Kabo."